Ruwan namu, wutar ta wa? Fashin baƙi kan kasuwar lantarki da cinikin wuta da maƙwabta

Duk wanda ya tsaya a kan gadar da ta haɗa tsakiyar Kaduna da kudancinta a watan Agusta, ya ga yadda kogin ke tafe jajawur yana tumbatsa, to wutar lantarki yake kallo, sai dai ba a kai ga juya ta ba tukuna. Wannan ruwan da ya taso daga tsaunukan Jos, idan ya wuce mu ya shiga jihar Neja, zai tarar da madatsar Shiroro wadda aka buɗe a 1990 da ƙarfin megawat 600. Gaba kaɗan kuma ga Zungeru mai megawat 700, wadda ba a daɗe da kammala ta ba. Megawat 1,300 ke nan a kan kogin da ke ɗauke da sunan garinmu. Amma maƙerin walda a Panteka har gobe da janareta yake kwana yake tashi.

Akwai wani mai walda da nake kai wa gyaran ƙofa a can. Duk lokacin da hira ta zo kan wuta, maganarsa ɗaya ce: "Yallaɓai, ruwan namu ne, dam ɗin namu ne, amma an kwashe wutar an kai wa Nijar." Yana faɗa yana goge zufa da bayan safar hannu, janaretansa na ta ruri a gefe, hayaƙi ya baƙanta bangon shagon. Ba na ganin laifinsa. Sai dai lissafin bai tsaya inda ya tsayar da shi ba, kuma a ganina wutar da ake kai wa maƙwabta ita ce mafi ƙarancin abin da ke hana shi samun tasa. Babbar matsalar ita ce har yau ba mu da kasuwar da mai kuɗi a hannu zai je ya sayi wuta daga mai ita, a kawo masa, ya biya, kuɗin ya isa hannun wanda ya samar.

A kasuwar hatsi manomi na iya ƙin sayarwa yau ya mayar da buhunansa rumbu. Lantarki ba ya jira. Abin da injin ya samar a wannan daƙiƙa, dole a wannan daƙiƙar a sha shi, idan kuma samarwa da sha suka yi nisa da juna sai babban layin ƙasa ya rikice, shi ne abin da muke ji a labarai ana cewa ya durƙushe. Ga shi kuma hanyar kai kaya kasuwa guda ɗaya ce. Ba wanda zai kafa nasa manyan turakun daga Shiroro zuwa tashar wuta ta Mando a Kaduna don ya yi gasa da wanda ke akwai. Saboda haka idan an ce kasuwar gasa a harkar wuta, ba a nufin a bar komai sakaka. Ana nufin masu samarwa da yawa su yi takara wajen farashi, masu saye da yawa su sami zaɓi, layin dako ya zama kamar titin gwamnati da kowa zai hau ya biya kuɗin hanya daidai da na kowa, sannan a sami alƙalin da ba shi da kaya a kasuwar.

A takarda mun daɗe da kama wannan hanya. NEPA, wadda aka kafa a 1972, ita ce mai samarwa, ita ce mai dako, ita ce mai kawo bil. Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ta farfasa ta, ta kafa hukumar NERC mai sa ido. A watan Nuwamban 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 da na samarwa ga 'yan kasuwa, gwamnati ta riƙe kamfanin dako na TCN. Madatsun ruwa kuwa ba sayar da su aka yi ba, haya aka bayar ta dogon lokaci: Kainji da Jebba suka tafi hannun kamfanin Mainstream, Shiroro ta tafi hannun kamfanin North South Power. A tsakiya aka ajiye NBET, wani babban dillali na gwamnati da zai sayi wuta daga masu samarwa ya sayar wa masu rarrabawa, da niyyar idan kasuwa ta yi ƙafa ya janye.

Kasuwar ba ta yi ƙafar ba, kuma ba wani sirri a dalilin. Kuɗi daga ƙasa yake hawa sama: mai gida ya biya kamfanin rarrabawa, shi ya biya dillali, dillali ya biya mai samarwa, mai samarwa ya biya mai gas ko ya gyara injinsa. A ƙasan nan ne tulun ya huje. Wata wutar tana lalacewa a tsofaffin wayoyi da tiransifoma, wata ana sata, wata an sha an ƙi biya, har da ma'aikatun gwamnati a cikin masu ƙin biyan. Shekara da shekaru kuma farashin da aka yarda a karɓa bai kai abin da aka kashe ba, gwamnati ta ce za ta cike giɓin, cikon kuma ya riƙa zuwa a makare. Ni kaina na taɓa yin wata guda cur tiransifomar layinmu a ƙone, aka kawo mini bil na ƙiyasi kamar wanda ya kwana da na'urar sanyaya ɗaki. Mutumin da aka yi wa haka sau biyu, da wuya ka sake ganin kuɗinsa da daɗin rai. A farkon 2024 NERC ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda ke kula da Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, saboda bashin da ya kai naira biliyan 110 da kasuwar ke bin sa. To wane mai hankali ne zai zuba dukiyarsa ya gina sabuwar madatsa alhali wanda zai sayar wa ga halin da yake ciki?

A nan ne wutar ruwa ta bambanta da ta gas, kuma a nan nake ganin masu kiran a buɗe kasuwa kawai suke yin gaggawa.

Tashar gas ba ta da tsadar gini sosai, amma kullum sai ta sayi makamashi. Madatsa akasin haka take. Kusan duk kuɗinta a farko ake zuba shi: siminti, ƙarfe, injuna, hanyoyi, diyyar mutanen da ruwa zai cinye garuruwansu. Zungeru ta ci kimanin dala biliyan 1.3, mafi yawa rance daga bankin China, an soma aikin a 2013, aka shafe kusan shekara goma kafin ta ba da wuta. Amma da zarar an gama, ruwa ba a saye. Kainji tun 1968 take aiki. Wato madatsa kamar rijiya ce: haƙa ta ne wahala, jikoki kuwa guga kawai za su nema.

Yanzu a ɗauka an kafa kasuwar da kowace safiya masu samarwa za su faɗi farashinsu na gobe, a fara ɗaukar mafi araha har a cika bukata. Tsohuwar madatsa da ta gama biyan bashinta za ta ci kasuwa kullum, domin ba wanda zai kai ta araha. Amma wanda ke son gina sabuwa, idan ya je banki neman rancen shekara ashirin, tambayar farko da za a yi masa ita ce wa zai saya, a kan nawa, har zuwa yaushe. Idan ya ce kasuwa ce za ta nuna, shayi kawai za a ba shi a sallame shi. Shi ya sa ƙasar Brazil, wadda ta dogara da ruwa ƙwarai, tun daga 2004 ta mayar da gasar zuwa kafin gini. Gwamnati ta tantance wurin, ta yi binciken ruwa da muhalli, sannan a yi gwanjo: wanda ya yarda zai sayar da wutar a farashi mafi ƙasa shi ke samun kwangila mai tsawon shekara talatin. Takara ta yi aikinta, mai gini kuma ya sami takardar da banki zai yarda da ita. Wannan ya fi kama da abin da zai yi mana amfani, ya kuma fi yadda aka saba, inda ake ƙulla babbar kwangila a ɗaki a rufe. Madatsar Mambilla ta jihar Taraba, mai megawat 3,050 a takarda, ta shafe shekaru tana yawo tsakanin ofisoshi da kotun sasanci a Faris saboda rigimar wa aka ba kwangila tun farko, ba a kai ga ganin wuta ba.

Sai kuma maganar damina da rani, wadda ɗan Kaduna ba ya bukatar a yi masa bayani. Kogin da ke tumbatsa a Agusta, a watan Maris yara na buga ƙwallo a kan yashinsa. Shiroro ba za ta iya ba da megawat 600 dare da rana duk shekara ba, sai dai ta yi tattalin abin da ta tara. Kainji ta fi sa'a, domin kogin Kwara sau biyu yake kawo mata ruwa. Akwai farin ruwa na daminar kusa, mai laka, sannan akwai baƙin ruwa wanda ya sauka tun a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, sai ya iso wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da mu nan hunturu ya busar da komai. Ruwan da ya sauka a wata ƙasa wata biyar da suka wuce shi ke kunna ƙwai a Tudun Wada a watan Janairu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa harkar ba ta taɓa tsayawa a kan iyaka ba.

Kuma tafkin madatsa shi ne rumbun da na ce lantarki ba shi da shi. Ba a ajiye wutar, amma ana ajiye ruwan, kuma injin ruwa cikin 'yan mintoci yake tashi. Idan magariba ta yi, kowa ya dawo gida ya kunna kaya, hasken rana kuma ya tafi da wutar sola, madatsa ce ke iya buɗe ƙofa nan take ta cike giɓin. Idan babban layi ya faɗi gaba ɗaya, tashoshin ruwa na daga cikin waɗanda ake fara tayar da shi da su. Wannan hidima ce mai daraja, kuma kasuwar da ta san abin da take yi tana biyan ta daban. Idan farashin wutar tsakar dare da na bayan magariba ɗaya ne, mai madatsa ba shi da dalilin ɓoye ruwansa don lokacin da aka fi bukata. Arewa kuwa, da ranar da Allah ya hore mana, babu abin da ya dace da mu kamar sola da rana, ruwa da dare.

Mu dawo kan ƙorafin mai walda.

Gaskiya ne Najeriya na sayar wa Nijar da Benin da Togo wuta. Akwai layin da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, akwai wanda ya bi ta Katsina zuwa yankin Maraɗi, akwai kuma na Ikeja zuwa Sakete a Benin. Kafin juyin mulkin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha daga nan take zuwa. Amma a ma'aunin Najeriya abin ba shi da yawa, kuma a 2024 NERC ta ƙayyade cewa abin da za a fitar waje kada ya wuce kashi 6 cikin ɗari na wutar da ke kan babban layi. Ko yau aka datse duka aka raba wa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, da wuya mai waldan ya lura da bambanci. An ma gwada. Bayan sojoji sun kifar da Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a cikin takunkumin ECOWAS, ba a mayar ba sai a farkon 2024. Yamai ta sha duhu. Rigasa ba ta koma rana ba.

Abin da aka yi asara a wannan yankewar ya fi kuɗin wutar watannin. Tun asali hikimar ba Nijar wuta ita ce kogin Kwara ta ƙasarsu yake biyowa kafin ya iso Kainji da Jebba. Maƙwabcin da ke samun wuta mai sauƙi daga wajenka ba ya gaggawar tare maka ruwa. Nijar na gina madatsar Kandaji a yankin Tillaberi, mai megawat 130, aikin da ya daɗe yana jan ƙafa. Duk wani shugaba a Yamai da ya ga an kashe masa asibitoci da makunni ɗaya daga Abuja, ba sai an gaya masa ya nemi tasa hanyar ba. Ciniki ba ya yiwuwa da wanda ke tsoron ranar da za ku yi faɗa ka rufe masa famfo. Ina ganin ko wanda ya goyi bayan takunkumin ya kamata ya yarda an biya shi da tsada ta wannan fuska.

Wani ƙorafin da ake yi, shi ma da gaskiyarsa, shi ne maƙwabtan kan yi jinkirin biya, rahotannin NERC na yawan nuna bashi a kansu. Maganin wannan ba rufe iyaka ba ne. Kwangila ce tsakanin kamfani da kamfani, da jinginar banki wadda mai sayarwa zai taɓa idan wata ya ƙare ba a biya ba. Mai saye na waje da ke biya da kuɗin waje, idan an ɗaure shi da irin wannan takarda, shi ne ma abokin cinikin da zai sa banki ya saki rancen gina sabuwar madatsa, wadda mafi yawan wutarta a gida za ta tsaya. Habasha haka take yi: babbar madatsarta ta kan kogin Nilu mai megawat sama da 5,000 ce, kuma ƙasar na sayar wa Kenya da Jibuti wuta tana samun dala, duk da cewa miliyoyin 'yan ƙasarta ba su da wuta tukuna.

Tsarin da za a yi wannan cinikin a ƙarƙashinsa ma yana nan. Tun 1999 ECOWAS ta kafa gamayyar wutar Afirka ta Yamma, WAPP, mai hedikwata a Kwatano, daga baya kuma ta kafa hukumar sa ido ta yanki a Accra. Ana aikin babban layi mai kilobolt 330 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai har Wagadugu, da reshe zuwa Malanville a arewacin Benin. Kudancin Afirka sun riga mu, tasu gamayyar tun 1995 take, kuma suna da kasuwar da ake cinikin wutar gobe tun yau. Amfanin irin wannan haɗin ga mai madatsa a fili yake: a shekarar da ruwa ya yi yawa har ana buɗe ƙofofi a zubar, sai a juya shi wuta a sayar, a shekarar fari kuma a sayo daga wanda ke da gas ko rana. Layin da ke fitar da wuta shi ne kuma zai shigo da ita. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta dagula siyasar, amma ba ta sauya hanyar kogi ba.

Duk wannan ba zai kai ko'ina ba idan titin ya yanke, kuma mun ɗanɗana. A watan Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako a duhu. An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna a dajin da 'yan bindiga suka hana ma'aikata shiga, sannan ɗaya layin da ke hawowa ta Makurɗi zuwa Jos shi ma ya sami matsala. Madatsa na nan da ruwanta, masu saye na nan da bukatarsu, masu sayar da ƙanƙara da masu niƙa suna ta kirga asara, amma ba hanya. Na tuna a satin nan yadda shagunan cajin waya suka cika maƙil, mutane na zaune a kan benci kowa na gadin wayarsa kamar masu jiran likita. Duk wanda ke maganar kasuwar gasa bai sa tsaron layin dako da gina na biyu da na uku a gaba ba, hira yake yi.

Akwai 'yan sauye-sauye da suka cancanci a sa musu ido. A watan Maris na 2023 aka gyara kundin tsarin mulki yadda jihohi za su iya samarwa da dako da rarraba wuta ko a inda babban layin ƙasa ya kai, a watan Yuni kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Jihohi irin su Enugu da Ondo da Ekiti suka riga kowa karɓar ikon sa ido a kasuwanninsu. An kuma ɓalle sashen da ke tafiyar da babban layi da lissafin kasuwa daga TCN ya zama hukuma mai zaman kanta, NISO, wato an raba mai titi da mai ba da hannu. NBET ma ana ta matsa masa ya ja gefe, masu samarwa da masu saye su riƙa ƙulla ciniki kai tsaye. Farashin rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, da aka ɗaga zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, bisa alkawarin awa 20 a rana, ya ƙona aljihu, amma aƙalla ya kawo wata magana da ba mu saba da ita ba: ga abin da ka biya, ga abin da ya wajaba a ba ka.

Ga Kaduna, ƙofar da na fi ganin haske a cikinta tsohuwa ce. Tun 2017 akwai ƙa'idar da ta ba babban mai amfani da wuta damar saye kai tsaye daga mai samarwa ya biya kuɗin dako. Kakuri, inda masaƙu suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata tun daga 1957 da aka buɗe ta farko, tsadar wuta na cikin abubuwan da suka durƙusar da ita. Idan masana'antun Kakuri da Kudenda suka haɗa bukatarsu wuri ɗaya, suka zama mai saye guda mai jinginar banki, za su iya zama a teburi ɗaya da mai Shiroro ko mai Zungeru su yi ciniki na shekaru, kamar yadda kamfanin wutar Nijar ke yi. Ƙananan masu sana'a irin na Panteka ma ba abin da zai hana a haɗa su a layi ɗaya mai mita, a sayo musu a dunƙule. A cikin jihar kuma ga madatsar Gurara mai megawat 30, wadda aka gina musamman don kai wa Abuja ruwan sha, injunan wutarta suka daɗe suna jiran layin da zai kwashe abin da za su samar.

Kada kuma a manta da waɗanda ke biyan farashin da ba ya fitowa a bil. Tafkin Kainji ya haɗiye tsohon garin Bussa, aka tayar da dubban mutane aka sake musu matsuguni. Ƙauyukan da ke ƙasan madatsu kuwa duk shekarar da aka buɗe ƙofofi gonakinsu ne ke fara tafiya. Idan gwanjon gina madatsa bai sa diyya da gargaɗin ambaliya da wutar su kansu ƙauyukan a cikin sharuɗɗa ba, wanda ya fi kowa araha zai kasance wanda ya fi kowa iya take su.

Da na gaya wa mai waldan cewa ko an hana Nijar ba lallai tasa ta ƙaru ba, sai ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dube ni. Ya ce shi bai damu da wa ake sayar wa ba, a gaya masa nawa ne, a sa masa mita, a ba shi daga takwas na safe zuwa la'asar, zai biya kafin ya sha, domin abin da yake ba mai man fetur a sati ya fi ƙarfin kowane bil. Ya mayar da gilashin, ya ja igiyar janareta.